Mai Lalube

Ku matso kusa, masu karatu, maganar yau ba ta son ɗaga murya. Waɗanda suka daɗe tare da ni sun san ni ce auta a gidanmu, Auta kuma kowa ke kirana har ya zama kamar ba a raɗa min wani suna ba. Waɗanda suka shigo yau kuma ku sami wuri ku zauna, zan ɗauko muku zaren tun daga bakinsa.

Ina aiki a wani kamfanin kayan gini: fenti, tayil, famfo, ƙofofi, ƙusoshi, duk abin da kango ke buƙata kafin a kira shi gida. Ni ce mai kula da kwamfutoci. Ofishina wani ɗan lungu ne tsakanin sito da ofishin manaja, tagarsa ɗaya tana kallon bayan wani gini, kullum cikin warin kwali da sabon fenti. Muna da shafi na cikin gida, irin wanda ma'aikatan kamfani kaɗai ke iya buɗewa, a ciki aka jibge komai: bayanin kaya, hotunan tayil, dokokin aiki, da rahotannin da aka rubuta tun ina makaranta. Sai dai jibgewar irin ta kayan wanki ce. Kowa ya san abin da yake nema yana ciki, ba wanda ya san inda yake. Daga safe har yamma ba abin da kunnena ke ji sai a nemo min kaza, a nemo min kaza. Har a mafarki nakan ga kaina ina buɗe akwati in tarar da wani akwatin a ciki.

Na roƙi manaja a sayo mana manhajar bincike, wadda za ta zagaya shafin ta karance komai ta haddace, in mutum ya rubuta kalma a wani ɗan akwati ta fito masa da duk inda kalmar take. Da ya ji farashi sai ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce ai haƙuri ma manhaja ce.

Haƙurin ne ya kai ni ga wata ta kyauta mai suna Lalube. Shafinta fari fat, ba talla, ba hoton kowa, sai bayanin yadda za ka sauke ta ka ɗora a shafin kamfaninku ko naka na kanka, da ɗan layi a ƙasa mai cewa duk wanda ya sami matsala ya rubuto. Na ɗora ta da hantsi, kafin la'asar ta gama karance tarkacenmu. Na rubuta famfo, ban gama ɗauke yatsa ba sai ga famfuna sun jeru kamar ɗaliban da aka kira sunansu.

Washegari mai kula da sito ya shigo yana mita. Wai abin nan nawa bai san kan aiki ba, ya nemi ƙusa ya kawo masa kusa da ƙofar fita, kusa da teburin manaja, kusa da kaza, amma ƙusa ko ta magani babu. Na duba, ashe shi ya rubuta da k marar lanƙwasa, takardun kuma da ƙ mai lanƙwasa aka rubuta su, manhajar ta ɗauke su baƙin juna. Na zauna na rubuta wa mai ita saƙo cikin harshen ofis, mai sanyi da ladabi, na ba shi misalin. A raina na ɗauka wani dattijo ne a can wata ƙasa mai ƙanƙara, wanda sai ya buɗe ƙamus kafin ya gane abin da nake nufi.

Amsa ta zo ina haɗa jaka zan tashi, da Hausa tsantsa:

"Ranki ya daɗe, ƙusa kike nema ko kusa? Ƙusa zan gyara miki yau. Kusa kuma sai a hankali. Ki yafe min wasan, na daɗe ina jiran wanda zai kama ni da wannan laifin."

Na karanta a tsaye. Na zauna na sake karantawa. A motar haya na kuma buɗewa, har matar da ke kusa da ni ta leƙo ta ga abin da ke sa ni murmushi.

Ya gyara kamar yadda ya ce. Daga nan saƙo ya riƙa bin saƙo. Kowanne da matsalar aiki yake farawa, amma ba da ita yake ƙarewa ba. Na zama mafarauciyar matsala, in na kwana biyu ban sami wata ba har haushin manhajar nake ji don ta cika lafiya. A hankali na san cewa garinmu ɗaya, yana can tsallaken gada, a ɗaki ɗaya saman shagon wani mai sayar da taya. Da rana yana kula da kwamfutocin laburaren wata kwaleji, da yamma ya zauna wa Lalube. Ya ce masu amfani da ita suna da yawa, galibinsu bai taɓa ganin fuskarsu ba: wani ƙaramin asibiti, makarantar kurame, wata mata mai sayar da irin shuka, wani tsoho da ke tara karin magana a shafinsa. Sukan rubuto masa, ya amsa wa kowa. Na tambaye shi me ya sa ba ya karɓar ko kwabo. Ya ce lokacin da yake koyo, da kayan da wasu suka bari kyauta ya koya, bai san ƙofar gidansu ba balle ya je godiya, shi ya sa yake ajiye nasa a bakin hanya.

A wayata na adana lambarsa da Mai Lalube. Har yau ban canja ba.

Yanzu bari in shigar da ku gida, don a nan maganar take.

Abbanmu mai lambun dashe ne, duk rayuwarsa a cikin itatuwa ya yi ta. Da ya fara manyanta sai ya shiga rubuta abin da ya sani: yadda ake auren mangwaro, lokacin sassabe, ciwon da ke kama lemo, furen da ke son inuwa da wanda ba ya so. Ni na buɗe masa shafi na kansa, yana rubutawa ina ɗorawa, har rubutun ya yi yawan da shi kansa ba ya tuna inda ya faɗi wani abu. Sai bara hawan jini ya buge shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Yana jin komai, yana gane kowa, amma in ya buɗe baki kalmar sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi fitowa. Za ka ga idonsa na nemanta kamar mai neman makulli a cikin aljihu.

Tun daga lokacin Yaya, babban wana, ya ɗauki gidan a kansa. Umma ta koma mai jinya, ta rage magana kamar tana taya Abba. Gwaggo kuma, yayar Abba, ta zo taya jinya na ɗan lokaci da ƙaramar jaka, yau ga shi har akwatinta ya biyo ta. Jinya ta biyu da ta ɗaukar wa kanta ita ce aurena. Ba ta taɓa kawo min kowa ta ce dole ba, a'a, nata salon daban ne. In na fito da shirin ofis sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce kwalliyar ta yi, saura mai biya. In wayata ta yi ƙara ta ce Allah ya sa mai rabo ne ba mai neman famfo ba.

Na ɗora Lalube a shafin Abba don baƙi masu neman bayani. Wata ranar hutu da yamma ina zaune gefen kujerarsa a falo, na buɗe shafin ina nuna masa hotunan lambunsa, sai ya miƙo hannun hagu, da ƙyar, ya danna baƙi biyu a cikin ɗan akwatin: l da e. Ya tsaya. Ya dubi allon, ya dube ni. Sauran kalmar ta gudu. Ya daɗe yatsansa na rawa a saman madannin, sannan ya janye hannun ya juya fuskarsa bango.

Na ba Mai Lalube labarin a saƙo, ba don ina neman komai ba, don dai na rasa wanda zan gaya wa. Ya amsa da addu'a kawai, sannan ya yi shiru na kwanaki har na fara zargin ko na ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Sai ga saƙo: ya ƙara wa manhajar wani abu, amma yana so ya ga yadda Abba ke dannawa da idonsa, ko za a ba shi izini ya zo gaishe shi.

Kar ku tambaye ni riga nawa na fitar a ranar. Gadona ya koma kamar shagon tela. Na sa doguwar riga ruwan zuma na cire, wai ta yi kama da na shirya. Na sa shuɗiya mai ƙananan furanni a hannu, na yafa farin mayafi, na goga turare a wuyan hannu na kuma wanke, na sake gogawa kaɗan. Gwaggo na tsakar gida tana tsince shinkafa, ta bi ni da ido ta ce ashe masu gyaran kwamfuta ma sarauta gare su.

Da Mai Lalube ya iso sai na ga dogo ne siriri, rigarsa ta sha guga amma wuyanta ya koɗe. Igiyar jakarsa ta taɓa tsinkewa an ɗinke da zare mai wani launi daban. Yana magana a hankali kamar mai tsoron taka wa kalma ƙafa. Wanda ke zuba wasa a saƙo, da ya gan ni sai ya rasa inda zai sa idonsa, ya gaishe ni sau biyu. Ya durƙusa har ƙasa gaban Abba, bai ɗaga murya ba kamar yadda baƙi ke yi suna zaton Abba kurma ne. Ya zauna a kan dardumar falo, ya ɗora kwamfutar a kan ƙaramin tebur daidai hannun hagun Abba, ya ƙara girman baƙaƙen, ya ce a gwada.

Abba ya danna l, ya danna e. Sai ga kalmomi sun sauko ƙarƙashin akwatin, duk daga cikin rubutunsa na da: leda, lema, lemo, lemun tsami. Ya zuba musu ido. Yatsansa ya tafi a hankali ya tsaya a kan ta ƙarshe. Leɓensa ya motsa, ya sake motsawa, sannan muka ji muryar da muka yi watanni ba mu ji ta haɗa kalma ba.

"Lemun... tsami."

Ya danna r da u, ruwa ya fito, ya nuna. Sannan ya ɗaga hannu ya nuna bayan gida.

Masu karatu, watanni Abba yana nuna mana bayan gida. Mu kuma mu ɗauka banɗaki yake so, ko iska, ko a rufe taga. Ashe ɗan lemun tsamin da ya dasa jikin katanga kafin ya kwanta yake ta gaya mana a ba shi ruwa. Na ɗauki bokiti na fita da gudu, farin mayafin na jan ƙasa. Itacen ya zubar da rabin ganyensa amma da ransa. Ina zuba ruwan ina jin ƙasar na sha tana ƙara, ƙamshinta ya tashi, ni kuma ban san lokacin da hawaye suka fara bin fuskata ba. Da na dawo na tarar da Umma a bayan labule ta toshe baki da gefen zanenta. Gwaggo da kanta ta haɗa wa baƙon shayi, har da madara mai yawa, abin da ba ta yi wa kowa.

Daga ranar ya zama ɗan gida. Yakan zo ranar hutu bayan la'asar, ya zauna da Abba su yi ta hira da yatsa ɗaya. Ya ƙara kalmomin da babu a rubutun itatuwa: sunayenmu, magani, sanyi, gajiya, rediyo. Ni kuma ina daga gefe ina zuba shayi, ina kallon yadda hasken yamma ke ratso labule ya kwanta a kafaɗarsa. Wani lokaci sai in ji kamar falon ya tashi da mu yana tafiya a kan ruwa a hankali, ba mai tuƙi, ba mai gaggawa. In ya tafi, kafin ya kai gada saƙonsa ya shigo: wai ya manta bai ce shayin ya yi daɗi ba. Kullum sai ya manta, kullum sai ya tuna a hanya.

Ranar da ya faɗi abin da ke ransa ma a saƙo ya fara. Ya ce shi bai iya doguwar magana ba, amma yana so ya ga Yaya, in na yarda. Na bar saƙon a buɗe a kan matashi na je na wanke kwanukan da an riga an wanke, na dawo na rubuta masa cewa Yaya yana gida ranar Asabar.

A nan ne mafarkin ya fara cin karo da bango.

Gwaggo ta riga kowa bincike. Ta zaunar da ni a ɗakinta tana shafa mai a ƙafa, ta ce abin nan da ya ƙera wanda har ya buɗe bakin ƙanenta, lallai kuɗi yake kawo masa kamar ruwa. Na ce kyauta yake bayarwa. Ta tsaya da shafawar. Ta ce in sake faɗa, kunnenta ya fara tsufa. Na sake faɗa.

"Kyauta," in ji ta. "To shi da iska ɗaya ke nan, kowa ya shaƙa ya wuce. Auta, alheri gadon barci ne, na yarda, amma ba a dafa shi a tukunya."

Ranar Asabar Yaya ya karɓe shi da mutunci. Ni ina ɗakin Umma, ƙofa a ɗan buɗe, ina ninke kayan da ba su buƙatar ninki. Yaya ya yi masa godiya a kan Abba, godiya ta gaske, har muryarsa ta canja. Sannan ya tambayi aikinsa da inda yake zaune, ya amsa ba ƙari ba ragi. Can Yaya ya ce, shin duk amfanin abin nan, ba wanda ya taɓa taya shi?

Da ya yi shiru da an wuce wurin. Amma shi ba ya iya ɓoye gaskiya ko da ta kansa ce. Ya ce wani babban kamfani a wani gari mai nisa ya daɗe yana bibiyarsa. Suna son Lalube, suna son shi ma: aiki, gida, albashin da bai taɓa mafarkinsa ba. Sharaɗinsu shi ne a sauke ta daga kyauta, ta koma ta masu biya. Waɗanda suka riga suka ɗora tasu za ta ci gaba da aiki har ranar da ta lalace, amma shi ba zai ƙara gyara wa kowa ba, ba zai ƙara amsa saƙon kowa ba. Ya ce shi ya sa bai ba su amsa ba.

Yaya ya gyara zama. Da ya yi magana kuma ba da faɗa ya yi ba, da ma da faɗan ne da ya fi min sauƙi. Ya ce shi ɗan mai kyauta ne, ya san abin daga ciki. Abba ya yi shekaru yana raba dashe, makarantu, masallatai, maƙwabta, duk wanda ya yaba itace sai ya tafi da ɗansa a leda. Rabin inuwar unguwar nan daga hannunsa ta fito. Ranar da ya faɗi, mutane sun cika gidan da addu'a, Allah ya saka musu, amma a kantin magani ba a karɓar inuwa.

"Ba na ƙin ka," Yaya ya ce masa. "Wallahi ina son ka da ita. Amma na ga abin da ciwo ke yi wa gidan da ba shi da ajiya, ba zan miƙa ƙanwata cikin irinsa ina gani ba. Ka karɓi tayin nan, ƙofa a buɗe take. In ka ƙi, ka yafe min."

Rigar da ke hannuna na ninke ta har ta koma kamar hankici. Umma na zaune bakin gado tana kallon tafin hannunta.

Zan gaya muku gaskiya, kwanakin da suka biyo baya ban yi su cikin baƙin ciki zalla ba. Mafarkin gidan can ya shige ni. A motar haya sai in jingina kai da gilashi in gan shi: bene mai baranda, fararen labule, tukwanen furanni a jere, shi yana dawowa da yamma da riga mai sabon wuya. In ga ina aiko wa Abba magani mai kyau ba tare da Yaya ya yi ta lissafi a tsakar gida ba. Gwaggo ma ta canja waƙa, yanzu wanda take kira Mai Kyauta ya koma ɗan albarka, har tana tambaya ko garin akwai sanyi ta fara saƙa min rigar ulu.

Amma mafarkin ba ya ƙarewa daidai. Duk sanda na kai wurin da zai shigo ya ajiye jaka, sai in kasa ganin fuskarsa. In kuma na isa ofis na ga mai kula da sito yana danna ɗan akwatin nan da yatsa ɗaya yana fito, sai in tuna makarantar kurame, da matar nan mai irin shuka, da tsohon da ke tara karin magana, kowannensu zai rubuto wata rana ya ji shiru. In tuna ni ma da saƙo ɗaya na same shi, don ya bar ƙofarsa a buɗe ga wanda bai sani ba.

Saƙonninsa suka gajarce. Ina kwana, ya Abba, Allah ya ƙara sauƙi. Ranar hutu ta zo bai zo ba, Abba ya yi ta kallon ƙofa.

Jiya da yamma, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, ina kwashe shanya, wayata ta yi motsi a aljihu.

"Ina ƙofar gida. Ina so ke ki fara ji kafin Yaya."

Wannan karon ban buɗe akwatin kaya ba. Mayafin da na samu a kan igiya shi na yafa, da ɗan danshinsa. Yana tsaye jikin katanga, ya yi aski, ya sa takalmi sabo wanda da gani yana matse shi. Ya rame. Ya yi min murmushi irin na mutumin da ya dawo daga rakiyar wanda ba zai dawo ba.

Ya ce ya yanke shawara, zai karɓa. Mako mai zuwa zai je ya sa hannu. Ya ce ya yi tunani, Yaya yana da gaskiya, mutum ba ya gina gida a kan godiyar mutane. Abu ɗaya ya rage masa, saƙon ban kwana da zai tura wa masu amfani da Lalube, ya yi ta farawa yana kasa gamawa, ko zan taya shi tunda na fi shi iya magana.

Na dube shi. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa ga fuskar da na kasa gani a mafarkina, an kawo min ita har ƙofar gida.

"Kana so?" na tambaye shi.

"Ke nake so."

"Ba ita na tambaya ba."

Ya sunkuyar da kai yana kallon sabon takalmin. Wani mai keke ya wuce, tsuntsaye suna ta komawa cikin itacen maƙwabta. Bakina ya riga tsorona.

Na ce masa in ya sa hannu don yana son aikin, ko don ya gaji da ɗaki ɗaya saman shagon taya, ni mai bin shi ce har ƙarshen duniya. Amma in don ni zai sa, to duk safiya wannan fuskar zan riƙa gani a bayan kofin shayi, in san ni na saya masa ita. Ba zan iya zama kuɗin da aka biya aka rufe wa mutane ƙofa ba.

"Kar ka sa hannu da sunana," na ce. "In ka sa, kar ka dawo nemana."

Ya ɗago a firgice. Ya ce in kuma bai sa ba, ai Yaya ya gama magana.

"Yaya ya gama tasa. Ni ba a tambaye ni tawa ba tukuna. Ka je gida, ka cire takalmin nan kafin ya ji maka ciwo, ka bar ni da mutanen gidanmu."

Ban san daga inda ƙarfin ya zo ba, don yana juya baya ƙarfin ya bi shi. Na tsaya ina kallonsa har ya sha kwana, yana ɗan ɗingishi. Sai a lokacin na tuna ban san me zan ce wa Yaya ba, mutumin da ya ajiye nasa auren don maganin Abba. Ban san me zan ce wa Gwaggo da ulunta ba. Na tura ƙofa na shiga.

Umma na tsaye a bayan ƙofar, rungume da sauran shanyar da na bari. Daga yadda take tsaye na san ba yanzu ta zo ba. Na buɗe baki zan fara ba da haƙuri, ta girgiza kai. Ta dube ni irin kallon da ba ta yi min ba tun kafin Abba ya kwanta, kallo mai tsawo, ban iya gane fushi ne a ciki ko tausayi ba.

"Yayanki na hanya," ta ce a hankali. "Kowa a gidan nan ya faɗi abin da ya sani game da auren mai kyauta. Ni ce na aure shi, Auta, ba wanda ya taɓa tambayata ko na yi nadama. Shigo ɗaki kafin ya iso. Ki tambaye ni."

Ta juya ta yi gaba. Na bi ta, na mayar da ƙofa na rufe.